Laburaren Jama'a Na Kowa Ne: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A yawancin garuruwanmu, da an ambaci laburare, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wani babban ɗaki tsit, an jera tebura, ɗalibai sun duƙufa a kan takardunsu saboda jarabawa ta ƙarato. Da an gama jarabawar sai wurin ya koma fayau, daga ma'aikata sai maigadi. Shi ya sa mai shago a Kantin Kwari, da uwar 'ya'ya biyar a Fagge, da malamin tsangaya, duk ba sa jin suna da wani rabo a can. In ka tambaye su, sai su ce ai wurin 'yan boko ne. Wannan fahimta ta jawo mana asara ba kaɗan ba, domin laburaren jama'a tun asalinsa an kafa shi ne don gari gaba ɗaya, kuma rabin aikinsa ba a kan kanta yake ba, yana cikin shirye-shiryen da yake tara mutane a kansu.

Ɗakunan karatu iri-iri ne, kuma rashin bambance su yana cikin abin da ke rikita mutane. Akwai na makaranta, wanda 'yan makarantar kaɗai ke shiga. Akwai na jami'a, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka tanada don ɗalibai da malamai da masu bincike. Akwai Laburaren Ƙasa, wanda dokar 1964 ta kafa a Najeriya don adana duk abin da aka wallafa a ƙasar. Dokar 1970 ta wajabta wa kowane mai buga littafi ya kai masa kwafi uku, kuma shi ke ba da lambar nan ta shaidar littafi da ake gani a bangon baya. Shi wannan a ciki ake karatu, ba a tafiya da littafinsa gida. Sai kuma wanda muke magana a kansa, wato na jama'a, wanda gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ko mutanen unguwa ke ɗaukar nauyinsa. Ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ya zo, ba a tambayar takardar makarantar kowa.

Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a kan irin wannan ɗakin karatu tun 1949, aka sabunta ta a 1994 da kuma 2022 tare da IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne a yi wa kowa hidima ba tare da duba shekarunsa ko jinsinsa ko addininsa ko harshensa ko arzikinsa ba, kuma asalin hidimar ta zama kyauta. Ta ƙara da cewa wanda ba zai iya zuwa ba, kamar majinyaci a asibiti ko ɗaurarre a gidan yari, a nemi hanyar kai masa. Cikin ayyukan da sanarwar 1994 ta lissafa har da cusa wa yara son karatu tun suna ƙanana, da taimaka wa yaƙi da jahilci, da raya adabin baka. A lura da wannan na ƙarshe. Ma'anarsa ita ce tatsuniya da tarihin da ke bakin tsofaffi aikin laburare ne kai tsaye, ba alfarma ake yi musu ba.

Mu dai ba baƙin littafi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa gidajen malamai a Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato cike suke da littattafai a cikin gafakoki, ana aro ana kwafa. Amma waɗannan taskoki na malami ne da almajiransa. Ɗakin da za a buɗe wa kowa da kuɗin baitulmali ya fara ne a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hukumomin En'e suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu inda ake ajiye jaridu da 'yan littattafai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, tana cikin abin da ke jawo mutane, mai iya karatu ya karanta, marasa iyawa su kewaye shi suna sauraro. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Shekara guda bayan haka UNESCO ta yi babban taro a Ibadan kan yadda za a bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai aikin ya koma hannun kowace jiha, har aka zo ga hukumomin laburare da muke da su yau.

Ɗauki Kano misali. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello shi ne babban laburaren jihar, a ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha. Ban da wurin zaman karatu, a harabarsa akwai sashen da ofishin jakadancin Amurka ya haɗa gwiwa aka buɗe, inda ake yin laccoci da horar da matasa da ba da bayani kan karatu a ƙasar waje. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya ya sha yin zamansa a can, marubuci ya karanta abin da ya rubuta, 'yan'uwansa su yi masa gyara. Ana ƙaddamar da littattafai a wurin, ana taruka. Da yawa daga masu wucewa ta bakin ƙofar nan kullum a adaidaita sahu ba su taɓa leƙawa ba, ba kuwa don an hana su ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wurin nasu ne.

Bari mu fara da yara, domin a nan ne laburare ya fi yin aikin da ba wanda zai yi a madadinsa. Shiri mafi shahara a ɗakunan karatu na duniya shi ne zaman labari. Tsarinsa mai sauƙi ne. A shimfiɗa tabarma, yara su zauna, babba ya ɗauko littafi mai manyan hotuna ya ɗaga shi yadda kowa zai gani. Kafin ya buɗe, sai ya nuna musu bango ya tambaye su me suke tsammanin zai faru. Yana karantawa yana bin kalmomi da yatsa, yana sauya murya in kura ce ke magana ko gizo, yana tsayawa ya tambaya: to, ku da ku ne, yaya za ku yi? In an gama, a ba su takarda da fensir su zana abin da ya fi burge su, ko su kwaikwayi labarin. Duka bai wuce rabin awa zuwa minti arba'in ba.

Wanda ya gani daga nesa zai ɗauka wasa ne kawai. Amma yaro ɗan shekara uku da ke zaune a wurin yana koyon abubuwan da makaranta za ta ɗauka ya riga ya sani. Yana gane cewa waɗannan baƙaƙen zane magana ce aka ajiye. Yana gane cewa shafin boko daga hagu ake fara shi, na allo da ajami kuma daga dama. Yana tara kalmomin da ba a faɗa a hirar tsakar gida. Yana koyon zama ya bi labari daga farkonsa har ƙarshe. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. Duk malamin firamare ya san gaskiyar wannan ba sai an kawo masa rahoto ba. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, lissafi ma zai gagare shi, tunda tambayar a rubuce take zuwa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi ya sa a wasu ƙasashe ba sa jiran yaro ya iya tafiya. A Ingila, shirin Bookstart ya fara a birnin Birmingham a 1992 da jarirai 300, ana ba iyayensu littattafai kyauta ta hannun ma'aikatan lafiya da na laburare, daga baya ya game ƙasar. Ɗakunan karatu a can suna da zaman iyaye mata da jarirai, ana waƙoƙin reno ana tafi. Mu da muke da waƙoƙin reno da na dandali da tatsuniyoyi rumbu-rumbu, ba ma buƙatar aron kayan kowa. Abin da ya ɓace mana shi ne wurin zaman. A da, bayan sallar isha yara kan taru a ɗakin kaka, ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus. Yau talabijin da waya sun cinye wannan lokaci, gidaje da yawa kuma ba kaka a ciki. Laburare na iya gayyato tsohuwar da ta iya tatsuniya ta zauna da yaran unguwa ranar Asabar. Camfin nan da ke cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata, dabara ce ta iyaye don kada hira ta hana aikin gida, ba zai hana wannan zama ba.

Kayan karatun ma akwai su. Akwai jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida. Akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam ga waɗanda suka ɗan tasa. Akwai littattafan Mu Karanta da aka shirya wa 'yan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi. A intanet kuma, shafin African Storybook yana da labaran yara masu hotuna da Hausa, kyauta, an yarda kowa ya sauke ya buga. Laburaren da ke da firinta ɗaya zai iya cika kwando da su.

Sai dogon hutu. Malamai sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi wata biyu bai buɗe littafi ba yakan dawo aji ya ja baya. Maganin da ɗakunan karatu suka samo shi ne gasar karatun hutu. A Birtaniya ana yin ta duk shekara tun 1999: yaro ya yi rajista, ya yi niyyar karanta littafi shida kafin a koma makaranta, duk wanda ya gama sai ya zo ya ba da labarinsa a buga masa alama, a ƙarshe a ba shi lambar yabo da takardar shaida. Ba wani kuɗi ke cikin wannan ba. Abin da ke da wuya shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ake gane ma'aikacin da ya san garinsa. Yaron Bahaushe yana da boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ma da hadda Asabar da Lahadi. Shirin da aka sa a kan lokacin Islamiyya ba zai sami kowa ba. Alhamis da Juma'a kuwa, ranakun hutun makarantar allo, dama ce babba. Almajirin da ya iya haɗa baƙi, in aka miƙa masa Hausar ajami, nan take zai karanta. Ban ga dalilin da zai sa a ce ɗakin karatu na gari bai san da zamansa ba.

Matasa su ne suka fi sanin hanyar laburare, amma galibi kujera da fanka kawai suke amfana da su. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar. Sai dai akwai fiye da haka. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai ɗalibin da ranar jarabawa ce ranar farko da ya taɓa zama gaban kwamfuta. Hannu na rawa, lokaci na tafiya, abin da ya sani ma ya ɓace masa. A yankin Volta na Ghana, laburaren yankin ya riƙa loda ƙananan kwamfutoci masu cajin sola a motarsa yana zagaya makarantun ƙauye, yara suna taɓawa da hannunsu kafin jarabawar gama ƙaramar sakandare. Duk laburaren da ke da kwamfuta goma da wutar sola zai iya yin haka a zaune. A kan wannan sai a ɗora koyon cike fom na neman gurbin karatu, da rubuta takardar neman aiki, da gane labarin ƙarya kafin a tura wa wani. Muhawara da kacici-kacici da ƙungiyar masu karanta littafi ɗaya su tattauna a kansa, waɗannan ba sa buƙatar wuta ko kaɗan.

Akwai maganar da na gaji da ji, wai Bahaushe ba ya karatu. Wanda ya faɗi haka bai ga yadda littattafan hikaya suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980 ba, lokacin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga gidaje lungu-lungu. Bai ga shagunan haya ba, inda ake biyan ɗan kuɗi a karɓi littafi a dawo da shi gobe, yara na kai wa matan aure a cikin gida. Waɗannan shaguna laburare ne a aikace, jama'a suka ƙirƙira da kansu saboda na gwamnati bai kula da abin da suke son karantawa ba. Yanzu karatun ya koma WhatsApp da Wattpad, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ta nuna yawan masu alƙalami da ke cikin gidaje. Ra'ayina a nan a fili yake: ɗakin karatun da ya raina littafin Hausa, ya cika kantocinsa da tsofaffin littattafan Turanci da aka turo sadaka, ya kori mafi yawan masu karatun garinsa da hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga mata. Matar aure ba za ta zo ta zauna a tsakiyar samari ba, kuma ba za ta bar goyo a gida ba. In ana son ta zo, sai a ware mata wuri ko rana, a bar ta ta shigo da yaranta, a sa lokacin bayan an sauke tukunya. Tsarin ba sabo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana horar da mata jagorori da ake kira jaji, suna kai karatu ga matan ƙauyuka. A zamaninmu, laburaren yankin Arewa da ke Tamale a Ghana ya yi wani shiri kan lafiyar masu juna biyu: ya horar da ma'aikatan lafiya neman bayani a kwamfuta, ya riƙa tura wa mata saƙonnin waya kan awo da abinci da alamun haɗari. Haka za a iya gayyato ungozoma ta yi bayani, ko mai ɗinki ta koyar da yanka, ko wadda za ta nuna yadda ake rubuta lissafin adashi da na ƙaramar sana'a, da yadda ake kauce wa 'yan damfara masu kiran waya suna neman lambar sirri ta banki.

Babban da bai yi boko ba fa? Dattawa suna tuna Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA a Zariya ke buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don sababbin masu karatu. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Darasin da aka koya daga irin waɗannan yunƙuri shi ne koyar da baƙi ba shi ne mai wuya ba. Mutum ya yi wata tara yana zuwa aji, ya karɓi takardar shaida, in bai sami abin karantawa ba, kafin shekara biyu ya manta. Laburare shi ne inda karatun zai ci gaba da numfashi: littafi mai manyan baƙi kan noma da kiwo da addini da lafiya, da wani mai haƙuri da zai zauna da shi ba tare da ya kunyata shi ba.

Tsofaffi kuwa, su ba karɓa kaɗai suke zuwa yi ba. Ɗan fansho yana samun jarida da abokin hira, a kuma koya masa yadda zai kira jikansa ta bidiyo. Amma abin da yake ɗauke da shi ya fi abin da za a ba shi. Tsohon maƙeri, tsohon direban jirgin ƙasa, tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa, wanda ya ga dalar gyaɗa da idonsa, kowannensu in ya rasu ya tafi da abin da ba a rubuta ba. Laburare na iya haɗa su da 'yan sakandare, a yi musu tambayoyi, a naɗa da waya, a rubuta, a ajiye da izininsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka kuma gidaje da dama na da takardun kakanni na ajami da Larabci a cikin akwati, gara da damshi na cin su. Mai irin waɗannan ya nemi shawara kafin ya taɓa su, kada ya manna musu salatif ko ya kai a rufe su da leda mai zafi, domin hakan lalata su yake yi. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, duk wurare ne da suka san darajar irin waɗannan takardu.

Makafi ma suna da haƙƙi a nan. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta ba da damar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko zuwa murya ba tare da jiran izinin mai littafin ba, in dai don su aka yi. Ɗan sa-kai mai murya mai kyau da waya a hannu zai iya naɗe littafi guda a mako. Mai keken guragu kuma abin da yake buƙata shi ne gangara a bakin ƙofa maimakon matakala.

Wanda ke ƙauye mai nisa, shi laburare ke zuwa wurinsa. A Garissa da ke arewa maso gabashin Kenya, hukumar laburare ta ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a 1996 tana bin makiyaya. A Kolombiya wani malamin makaranta, Luis Soriano, ya yi shekaru yana kai wa yaran ƙauye littattafai a kan jakuna biyu, Alfa da Beto. Kusa da mu, Nijar na cikin ƙasashen da aka kafa wa cibiyoyin CLAC, tsarin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a 1986 don ƙananan garuruwa, inda ake haɗa aron littafi da wasannin ƙwaƙwalwa da majigi da taruka a wuri ɗaya. Akwati ɗaya a bayan babur ranar kasuwa zai yi irin wannan aiki a kowace ƙaramar hukuma.

In ana son ganin inda abin ya kai a ƙasashen da suka ɗauke shi da gaske, a dubi laburaren Oodi a Helsinki, babban birnin Finland, wanda aka buɗe a Disamban 2018 daura da majalisar dokokin ƙasar. Littattafansa wajen dubu ɗari ne, amma hawa guda sukutum an ba da shi ga kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti da ɗakunan taro da na'urorin ƙere-ƙere, kowa ya zo ya yi amfani da su. Ba ginin nake so mu kwaikwaya ba. Tunanin nake so mu ɗauka, cewa abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, gari ya saya kowa ya amfana. Wannan tunanin gayya ne, mun san shi tun kafin su.

Ba zan ɓoye muku ba, da yawa daga ɗakunan karatunmu suna cikin wani hali. Littattafai sun tsufa, rufi na yoyo, ba wuta, reshen ƙaramar hukuma a kulle. Laifin farko na masu rabon kasafi ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa musu. Amma a san cewa mai rabon kuɗi yakan dubi rajistar masu shiga. Wurin da ba kowa, shi ake fara yanke wa kaso, har wata rana a ji an mayar da shi ofis ko shaguna. Zuwanku da kansa kariya ce ga wurin.

Shiga ba ta da wuya. Galibi za a nemi ka cike fom, ka kawo ƙaramin hoto da katin shaida, wani wuri da ɗan kuɗin rajista na shekara. Yaro kuma iyayensa ko makarantarsa ke tsaya masa. Ana ajiye jaka a bakin ƙofa. Akwai littattafan da ake ba da aro na 'yan makonni, akwai na dubawa irin su ƙamus da ba sa fita. Lambobin da ke gefen littafi jagora ne: a tsarin Dewey da yawancin ɗakunan karatu na jama'a ke bi, addini yana 200, Musulunci 297, kiwon lafiya 610, noma 630, adabi 800, tarihi 900. In ka rasa gane kan abin, tambayi ma'aikaci, aikinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Don haka, iyaye, ku nemi inda laburaren garinku yake, ku kama hannun yaranku ku je ranar da yake buɗe. Ku tambayi sashen yara, ku tambayi abin da aka shirya na wannan wata. In aka ce babu zaman labari, ku nemi ganin shugaban wurin, ku gaya masa kuna da tabarma, kuna da kakar da ta iya tatsuniya, kuna da yara ashirin a layinku, ya sa muku rana.